Sawun Takalmin Auta

Akuya ce ta fara tona asirin. Da hantsi aka same ta a kwarin da ke bayan ɗakin gwaji, ƙafafu a sama, baki na kumfa, 'yan'uwanta na gefe suna shure-shure. Yarinyar da ta biyo su, 'yar mai wanki, ta taka wani ruwa mai kalar tsatsa ba takalmi, ta kurma ihun da ya tara unguwa. Kafin a isa asibiti da ita fatar tafin ƙafarta ta saɓule.

Ga jarkoki nan a yashe a bakin kwarin, kowace da hoton ƙoƙon kai a jikinta. Wari kuwa sai ka toshe hanci ka ƙara da habar riga.

Dama mutanen unguwa ba su taɓa yarda da ginin nan ba. An ce musu ruwan sha da ƙasar noma ake gwadawa a ciki, amma su abin da suke gani shi ne mutane da farar riga da takunkumi, ba sa gaida kowa. Nan da nan baki ya rabu. Wasu suka ce shugabar wurin ce ta sa a zubar, wasu suka ce Ɗan Gwangwan ne, mai bin bola yana tsintar robobi. Mai wanki kuwa ba ta ce kowa ba, kuka kawai take yi tana neman a ba ta ashana ta cinna wa ginin wuta.

Sajan na 'yan sanda da aka turo ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya sa aka kewaye wurin da igiya, ya aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu mutum ne da duk wanda aka taɓa yi wa sata ya san ƙofar gidansa. Wurin mahaifinsa ya gaji bin sawu, tun yana ƙarami tsohon ke jan sa daji yana nuna masa ƙasa. Ya kamo ɓarayin shanu, ya dawo da yaran da suka ɓata, amma a gidansu duk wannan bai kai ƙwayar zarra ba. A gidan Inna, mahaifiyarsu, mutum ɗaya ne aka haifa, shi ne Auta, ƙanensa, wanda ya yi boko ya sami aiki a ɗakin gwaji. Kwanan nan aka ƙara masa girma, aka damƙa masa makullin ɗakin da ake tara ragowar sinadarai kafin motar kamfani ta zo ta kwashe. Tun daga ranar Inna ba ta da wata hira. Da baƙuwa ta shigo sai ta ce, "Kin ji an ɗaukaka Daktana?" Auta kuwa ko allura bai taɓa yi wa kowa ba. In aka tambayi babban sai ta ce, "Yana nan, yana ta yawon duba ƙasa."

Wannan magana ta daɗe tana cin Mai Sawu, ci kuwa ba na wasa ba. Yana son ƙanensa, amma duk ranar da ya ga farar rigar nan a shanye a igiyar Inna sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji.

Ya tsallaka igiyar Sajan ya tsuguna. An yi yayyafi jiya da rana, ranar hutu ce kuma, ba kowa a wurin aiki, don haka ƙasa ta riƙe komai. Ga layin tayar baro daga ƙaramar ƙofar baya har bakin kwari. A bayan tayar ga sawun takalmin roba mai dogon wuya, na hagu da wata 'yar tsaga a dunduniya kamar bakin kifi.

Gabansa ya faɗi. Ya san tsagar nan. Shi da kansa ya kai takalmin wurin mai faci a daminar bara, da Inna ta ce Dakta ba shi da lokacin irin wannan aiken, facin kuma bai riƙe ba.

Abin da ya biyo bayan faɗuwar gaban, Allah ya sani, daɗi ne. Wani daɗi mai sanyi ya ratsa shi tun daga wuya har cibiya. Ya ga fuskar Inna in labari ya je mata. Ya ga farar rigar an sauke ta daga igiya.

"Ka ga wani abu?" in ji Sajan.

"Takalmin ƙanena ne," ya ce, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Bai ƙara kallon ƙasa ba.

Jama'a suka ɗauki salati. Wani tsoho ya ce kai, wannan shi ne mai gaskiya, ɗan'uwansa ma bai rufa wa ba. Kafin azahar an tasa ƙeyar Auta zuwa ofishin 'yan sanda, yara na bin motar da jifa.

* * *

Daɗin bai kai gida ba. A ƙofa ya tarar da Inna zaune a ƙasa, ɗankwali ya zame. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin da ya fi sauƙi. Ta ɗago jajayen idanu ta ce, "Idon naka bai ga kowa ba sai shi?"

"Inna, abin da na gani na faɗa."

"To je ka ƙara gani. In an ɗaure mini yaro, kai da abincina sai a lahira."

Ya juya ransa a dagule. Ko yanzu ma, ya ce a zuciyarsa, yaro ɗaya gare ta. Amma maganarta ta soke shi a wani wuri daban: bai ƙara gani ba. Mahaifinsa kan ɗauki wuni a kan sawu ɗaya, shi kuwa yau kallo ɗaya ya yi ya tashi, don ya sami abin da yake so.

Ya fara da Ɗan Gwangwan, tunda rabin unguwa shi suke nunawa. Ya same shi a rumfarsa cikin tulin robobi da tsofaffin gwangwanaye yana tauna rake.

"An ce an sha ganinka kana leƙen jarkokin nan ta katanga."

"Na leƙa mana! Ido nawa ne ko nasu?" Ɗan Gwangwan ya tofar da ɓawo. "Amma don Allah Mai Sawu, dube ni da kyau. Ni ne zan sha wahalar zazzage jarka sabuwa fil, mai murfi, sannan in bar ta a kwari in tafi? Ai ko gobara ake yi sai na fita da ita. Wanda ya yi aikin nan ba jarka yake so ba. So yake a gan ta."

Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa, manya-manya kamar faranti. Ko da sabulu ba za su shiga takalmin Auta ba. Ya tafi, amma maganar ta bi shi: so yake a gan ta.

Shugabar ɗakin gwaji mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta nuna masa ɗakin ajiyar. Ta ce motar kamfani jibi ma za ta zo, babu dalilin da zai sa wani mai hankali ya kwashi guba ya kai kwari.

"Makullin fa?"

"Yana aljihun farar rigar Auta, a rataye a bayan ƙofa, takalmin a ƙasa. Na yi masa faɗa a kan haka. Ya ce a nan duk 'yan'uwa ne." Ta cire gilashin ta murza ido. "Hukuma ta ce in an tabbatar shi ne, ba kora kaɗai ba ce. Ɗauri ne mai tsawo, saboda yarinyar."

A ɗakin ciki, inda ƙasa duk tayil ne ba abin da ke barin sawu, wani dattijo na zaune a kan doguwar kujera yana wanke kwalabe a nutse. Baba Kwalba suke kiransa. Tun kafin a haifi rabin ma'aikatan yake wurin, kuma shi ne ya riƙe makullin nan shekara da shekaru kafin a ba Auta.

"Kai ne yayan? Sannu, sannu. Wallahi tun safe ko ruwa ban iya sha ba." Ya girgiza kai. "Yaron nan ɗana ne. Ranar da ya zo ko riƙe kwalba bai iya ba, ni na kama hannunsa. Yaro mai ƙwaƙwalwa, ga takardu. Mu da ba mu da takarda ai sai wanke-wanke. Sai dai ka san yaran yanzu, an ɗora musu kaya tun wuyansu bai yi ƙwari ba. Ni ban ce shi ya yi ba fa. Allah dai ya kyauta."

Mai Sawu ya tsaya yana kallonsa. Ba abin da dattijon ya faɗa da za a riƙe shi da shi. Amma muryar, wannan yabo da ake shafa wa barkono a ƙasa, ya san ta. Da ita yake amsawa duk ranar da aka ce masa ƙanenka ya yi abin kirki.

* * *

Da la'asar ya koma kwari shi kaɗai. Wannan karon ya cire hula, ya kwanta rub da ciki, ya bar rana ta bugi sawun daga gefe.

Kunya ta kama shi. Abin a fili yake kamar hanci a fuska. Auta tun da ya faɗo daga katanga yana yaro yake jefa ƙafar hagu ciki, ko a gigice yake haka yake tafiya. Wannan kuwa ƙafafunsa duka biyu waje suke kallo, takunsa gajere, kuma dunduniya na jan ƙasa, alamar takalmin ya yi masa yawa. Takalmin na Auta ne, ƙafar da ke ciki ba tasa ba ce. Da ya ƙara minti ɗaya da safe da ya gani.

To amma ƙafar wa? Ya bi sawun har inda aka zazzage jarkokin, a nan ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Ta ɓangaren gangare, inda ruwan zai bi ya faɗa rafin da mata ke wanki, an tara yashi an yi wata 'yar ganuwa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ba da shebur aka yi ba, da gefen ƙafar dama aka yi ta sharo yashin, shara bayan shara, a tsare tsaf. Awaki ne suka tattake tsakiyarta, gubar ta sami hanya.

Wane irin mugu ne zai zubar da guba, sannan ya tsaya yana yi mata shinge?

Ya zauna a kan dutse. Ga hadari na haɗuwa a gabas. In ruwa ya sauka, sawun ya tafi, kuma ba mahalukin da zai san ya ga wani abu. Unguwa ta riga ta ba shi sunan mai gaskiya. Auta zai tafi, igiyar Inna ta huta. Wallahi ya yi wannan tunanin, ya juya shi a ransa har ya ji ɗanɗanonsa. Sai ya tuna ƙafar hagun nan da ke jefawa ciki, ya tuna shi ne ya goyo yaron daga gindin katanga har gida yana ce masa yi shiru. Ya tashi ya kwaso tsofaffin kwanon rufi a rumfar Ɗan Gwangwan ya rufe wurin.

A ofishin 'yan sanda, a bayan kanta, ya sami Auta zaune a ƙasa da singileti, leɓe ya bushe.

"Yaya, da gaske kai ka ce ni ne?"

"Takalminka na ce. Bar wannan. In guba ta zube a ƙasa, me kuke yi?"

Auta ya dube shi kamar bai gane ba, amma ya amsa. "A fara matsar da mutane. Akwai wani farin gari a jan bokiti, shi ake barbaɗawa daga gefe zuwa ciki, ya tsotse."

"Ba a tare ta da yashi? Da ƙafa, haka?"

"Da ƙafa?" Duk da halin da yake ciki sai da ya yi tsaki. "Wannan ai tsohon yayi ne, lokacin da ba a kawo garin ba. An hana tuntuni, takalmi yake ci. Me ya kawo wannan maganar?"

"Ba komai. Ka ci abin da Inna ta aiko."

* * *

Washegari da safe Sajan ya tara su a filin da ke tsakiyar ginin, inda yashi ne ba siminti ba. Mai Sawu ne ya roƙi haka, kuma ya sa an share filin tas kafin kowa ya zo. Ga shugaba, ga ma'aikata da fararen rigunansu, ga Ɗan Gwangwan yana ƙunƙuni an hana shi fita nema, ga Baba Kwalba ya harɗe hannu a baya. Aka fito da Auta daga mota. Mutanen unguwa suka cika bakin ƙofa, mai wanki a gaba.

A tsakiyar filin an ajiye jarka ɗaya mai hoton ƙoƙon kai. Mai Sawu da shugaba kaɗai suka san ruwan famfo ne aka zuba wa kala.

"Wannan ita ce ta rage a ɗakin ajiya," in ji Mai Sawu. "Ina so kowa ya matso ya gani."

Ya sunkuya kamar zai ɗaga ta, ya yi tuntuɓen ƙarya, jarka ta kife. Ruwa mai kalar tsatsa ya bulbulo ya nufi ƙofa, wajen jama'a.

Wuri ya hargitse. Ɗan Gwangwan ya haye katanga kamar biri. Sajan da kansa ya ja da baya har hularsa ta faɗi. Auta ya daka tsawa, "Ku matsa! Ku matsa baya!" ya ruga ciki neman jan bokiti, ƙafar hagu na jefawa ciki.

Mutum ɗaya ne ya yi gaba. Baba Kwalba ya sha gaban ruwan da gajeren takunsa, ya karkata jiki, ya shiga sharo yashi da gefen ƙafar dama, shara bayan shara. Kafin Auta ya dawo da bokiti an gama 'yar ganuwa mai lanƙwasa, ruwan ya tsaya cak a bayanta.

Dattijon ya ɗago yana haki, har da ɗan murmushi, yana jiran a ce masa sannu. Sai ya ga Mai Sawu tsugune a gefensa yana auna sharar da tafin hannu.

"Ruwan famfo ne, Baba," in ji Mai Sawu a hankali. "Sajan, zo ka ga wannan. In ka gama mu je kwari, na rufe 'yar'uwarta da kwano. Ka dubi yadda ƙafafunsa ke kallon waje, ka dubi tsawon takun."

Baba Kwalba ya dubi aikin ƙafarsa. Murmushin ya zame. Bai yi musu ba, ya nemi bakin baranda ya zauna.

"Na tare ta," ya ce. "Wallahi na tare ta da kyau. Ban yi nufin ta taɓa kowa ba. So nake kawai a ga jarkokin, a ga sawunsa, a karɓe makullin." Ya juya wajen Auta, idonsa ya kawo ruwa, amma haushin na nan. "Ni na koya maka komai. Ranar da aka ba ka makullin nan, a gabana, ka ce mini, Baba yanzu sai ka huta. In huta! Kullum ina kallon rigarka a rataye a ƙusar da tawa ta tsufa a kai."

Auta ya saki bokitin, farin gari ya watse a ƙasa. Mai wanki ta yunƙuro, mata suka rirriƙe ta, tana cewa a kai shi ya ga ƙafar 'yarta, ya gaya mata ya tare.

Da Sajan ya zo wucewa da shi, dattijon ya tsaya daidai kunnen Mai Sawu.

"Jiya da nake maka magana na ga idonka," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka kai za ka bar ni."

Sajan ya ja shi suka wuce.

* * *

A ƙasa suka taka zuwa gida, wa da ƙane. Sai da suka kusa kwanar layinsu Auta ya ce, "Yaya, in tambaye ka tsakani da Allah? Kai da ka san tafiyata ko a duhu, ya aka yi ka ce ni ne?"

Mai Sawu ya so ya ce ƙasa ce ta jiƙe, ko rana ce ba ta yi daidai ba. Bakinsa ya ƙi.

"Da na ga tsagar takalminka daɗi na ji," ya ce. "Shi ya sa ban ƙara dubawa ba."

Auta ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon yayansa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ka san Babanmu bai taɓa kai ni daji ba? Ko sau ɗaya. Kullum ina bakin ƙofa ina kallonku kuna tafiya, hannunsa a kafaɗarka. Karatun nan da na riƙe, don ba a gayyace ni ba ne."

Kafin Mai Sawu ya amsa, Inna ta hango su. Ta fito a guje ba mayafi, ta wuce shi kamar turke, ta rungume Auta tana shafa kansa tana kuka. "Daktana! Allah ya fitar da kai, Allah ya kunyata maƙiya!" Ta ja shi ciki tana lissafa abin da ta dafa masa.

Mai Sawu ya tsaya a waje. Abin nan ya taso ya tokare masa ƙirji, daidai inda ya saba, bai ragu da komai ba. Ya tsaya har ya lafa. A igiya ɗaya farar rigar Auta da ta wanke tun shekaranjiya tana nan tana kaɗawa, ga yayyafi ya fara sauka.

Daga ciki ya ji Inna na cewa, "Kai kuma me kake jira? In za ka shigo ka cire takalman nan, duk ka kwaso ƙasa."

Ya cire takalman ya jera su kusa da na ƙanensa. Sannan ya koma ya sauke rigar daga igiya kada ta jiƙe, ya ninke ta, ya shiga da ita.